Kada Ka Runtse Ido Ƙafarka na Kan Totur

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya tsare ka a zaune da tafe, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya sa ka bar gidan ga lafiya, ka riƙa dawo mana lafiya.

Yayarka ce ke riƙe da alƙalami, ni ke magana, tunda ka san ubanka bai taka ƙofar boko ba. Na ce da ita kada ta gyara mini komai, ko ta ji na maimaita. Za ka ce me ya kawo takarda alhali ɗakinka na kallon nawa. Ai ka sani. Ni da kai maganarmu ba ta kaiwa ƙarshe. In na ɗaga murya sai ka sunkuyar da kai kamar mai saurare, ni kuwa na san ka toshe kunne tun da na buɗe baki, domin ni ma haka nake yi wa nawa uban. Takarda kuwa ko ka ninke ta ka tura aljihu, tana nan.

Tun ranar Juma'a ban iya zama wuri ɗaya ba. In zauna zaure, in tashi, in leƙa bakin titi, in dawo. Innarku har ta tambaye ni ko kuɗin-cizo ne sunka shiga tabarmar.

Ka tuna mun taso daga masallaci, kana jan motar sanyin nan da Alhaji ya damƙa maka don aikin jigilar nama da ya ɗauke ka a Birnin Kebbi, ni ina gefenka. Da munka shigo layin da masallata ke jere motocinsu, rana ta faɗa kan gilasan nan gaba ɗaya, hasken ya taso ya watsu mana a fuska. Ni na daɗe da daina kallon hanya, abin da ke kusa da ni kaɗai nake gani sosai, shi ya sa fuskarka nake kallo. Ka runtse idanunka duka biyu. Runtsewa ta gaske, har da tattare goshi. Motar kuwa ba ta rage komai ba. Wani dattijo da darduma a kafaɗa sai da ya yi tsallen samari kafin ya tsira da ƙafarsa. Da na yi magana ka ce ƙiftawa ka yi, kowa ma na ƙiftawa. Da na matsa sai ka yi dariya, ka ce:

"Baba, kwantar da hankalinka. Hanyar da anka ba ni, da safe Kamba zan nufa, yamma ke nan, da la'asar in juyo gabas. Rana kullum a bayana take."

Wannan maganar ce ta hana ni zama, domin ni ma na taɓa faɗin ta da bakina, da irin wannan dariyar.

Nasiru, ranar da ke gabanka ba ta ha'inci. Kana ganin ta, ka sauke marfin saman gilashi, ka rage gudu, kowa ma ya rage. Wadda ke bayanka ita ce abin tsoro. Ba ta zuwa da kanta. Sai ta tsallake ka ta sauka a gilashin bayan motar da kake bi, ko a goshin wadda ke tahowa, ko a tankin babur, daga can ta dawo maka cikin ido, daga ƙasa, inda marfi ba ya karewa. Kuma ba ta sallama. Yanzu kana ganin hanya tar, yanzu babu hanya.

Ina saurayi, sabon kama akori-kurar da na shekara da shekaru ina kwasar nama da ita daga kwata zuwa kasuwa, hanyarmu ita ma yamma ta miƙe da safe. Ina yi wa direbobin Gusau dariya, ina ce musu su ci rana su ƙoshi, ni Allah Ya hutar da ni. Wata safiya a Gidan Igwai na faɗa bayan motocin 'yan ɗaurin aure, an wanke su an goge kamar za a ci tuwo a kansu. Hanya ta ɗan lanƙwasa, rana ta hau gilashin ta ƙarshe, ta dalle mini ido. Na runtse. A raina cewa nake bari ya wuce, ai numfashi ɗaya ne. Da na buɗe ido ina tsakiyar tukwanen wata tsohuwa mai sai da randuna a gefen hanya. Ita Allah Ya sa ta zaga bayan rumfa. Ta fito ta wanke ni tas, ta haɗa da wanda ya koya mini tuƙi, ta ce ko jakin da ya kawo tukwanen ya fi ni sanin hanya. Mutane na dariya, ni ma na taya su, na ce birki ne ya ƙi. Na biya ta, na kai mota wajen makanike ya kwance birkin da ba abin da ya same shi.

Abin da ya cuce ni shi ne da ya zamana randa na fasa. Da mutum ne, da tun ranar na shiga hankalina. Sai na ci gaba da runtsewa, ina buɗewa ina tarar da hanya na nan, har abin ya zauna mini a jiki. Kai ma abin da ke ruɗin ka ke nan. Dattijon nan ya yi tsalle, sai ka ɗauka ba abin da ya faru.

To ga abin da na gano daga baya, bayan ya kamata in sani tuntuni. In haske ya buge ka, ƙafa ce ke fara aiki kafin ido. Ka ɗaga ta daga kan totur nan take. Ban ce ka danne birki da ƙarfi ba, na bayanka ma a makance yake. Ka ɗaga kawai, mota ta saki jiki. Idon kuma kada ka rufe shi, ka sauke shi ƙasa ta hannun dama, inda kwalta ta haɗu da ƙasa, ka bi wannan bakin. Ko ido na hawaye yana ganin bakin kwalta. Sannan ka ja baya daga motar da ke haska ka. Hasken nan yana da wurin zama, kamar ruwan indararo, in ka matsa kaɗan sai ya zuba a bonet ya bar fuskarka. Mai manne wa bayan mota shi ke shan sa duka. In ka ga ayarin biki ko na 'yan siyasa, ka bar su su yi nisa, naman ba zai ruɓe ba, motarka mai sanyi ce. Mu da muke yi da ganye da buhu ma mun kai.

Yayarka ta ce in sha ruwa. Ba na sha. Rubuta.

Akwai wata wauta da mu mutanen kwata kaɗai ke yi. Ka san hannunmu ba ya rabuwa da kitse, ko mun wanke. Ni tsumma ɗaya gare ni a mota, da shi nake share hannu in na taya mahauta lodi, da shi nake goge gilashi. A inuwa gilashin fes. Da haske ya taɓa shi sai ya zama kamar an shafa koko, ɗigon haske ɗaya ya baje ya cika gaban mota. Na shekara ina zagin mai sai da gilashi, ashe ni ke shafa wa kaina makanta kowace safiya. Jiya na sa hannu a aljihun ƙofar motarka, na jiyo tsumma, na shinshina. Ƙamshin tantaƙwashi yake. Ka ware na gilashi daban, kada ya taɓa nama, kada ya taɓa hannun da ya taɓa nama, kada ka ara wa kowa ko da zai ce maka marowaci. Ka wanke gilashin ciki da waje da sabulu. Kuma ka bar goge shi da hula, hularka ma man kai ne.

Yanzu bari in zo kan Dikko. Kun taso kun ga Baba Dikko na jan ƙafa, an ce muku haɗarin babur ne, kunka bar shi a nan. Haɗarin babur ne, amma ba a ƙarasa muku ba.

Lokacin da akori-kurar ta zama tawa, na so a san motar Garba ko daga nesa. Na sa maƙeri ya lulluɓe mini bodin ciki da farin kwano don sauƙin wankin jini, wannan daidai ne. Sai na ce ya zagayo da shi har waje, ya rufe ƙyauren baya duka. Kullum da asuba in sa toka da soso in dirje shi har sai na ga haƙorana a ciki. Mutane na cewa naman Garba ko ba ka gani ba ka san mai tsabta ne. Kaina ya yi girma.

Dikko kuwa a lokacin kayan ciki yake saye, ya ɗaure su a bayan babur ya biyo ni, don rumfarsa na kusa da inda nake sauke kaya. Kullum yana bayana, kullum rana na bayansa. Ka san Dikko ɗan gwaggona ne, taubashina, tun muna yara ba mu taɓa yi wa juna maganar kirki ba. Ni in ce masa bawana, shi ya ce mini ɗan kuturun direba. Da ya fara cewa kwanon na kashe masa ido, sai na ce hassada ce, wanda bai da ko ƙyauren ɗaki dole ƙyauren mota ya tsone masa ido. Ya sake faɗa a gaban mahauta, anka yi ta shewa, na ce ya saya wa babur ɗinsa labule. Wata rana ya same ni ni kaɗai ina dirza, ya tsaya, bai yi dariya ba.

"Garba, ka shafe kwanon ga da fenti. Wallahi in ka taka birki ban ganin wutarka."

Na ɗaga kai na dube shi, ina jiran inda wasan zai ɓullo. Da bai ɓullo ba sai na ƙarasa masa da kaina, na ce in ya makance ni zan riƙa ja masa gora kyauta. Ya juya ya tafi.

Ba a daɗe ba wata safiya akuya ta gitta mini, na taka birki, na ji ƙara a baya. Ƙafarsa ta shiga ƙarƙashin bodin. Da munka ɗauke shi, a cikin motar tawa munka shimfiɗe shi, kan kwanon, a gefen cinyar saniya. Masu ɗori sunka yi iyakar yinsu, ƙafar ta kama a karkace. Abin da ya fi ci mini rai, da na je gaishe shi yana kwance, ina neman ta inda zan fara, sai ya riga ni. Ya ce wa mutanen ɗakin ga mai madubin amare ya zo, a ba shi wuri. Anka yi dariya. Ya mai da abin wasa don ya sauƙaƙa mini, ni kuma na karɓa don na ji daɗin sauƙin. Har Dikko ya koma ga Allah ban taɓa zama na ce masa ya gafarce ni da baki mai nauyi ba. Washegarin haɗarin na shafe ƙyauren da koren fenti, da ya tashi ya gani. Muna ganin wannan ya isa. Ban sani ba ko ya isa.

Tsaya, kada ki rubuta wannan. To, ta riga ta rubuta. Bar shi.

Na zagaya bayan motar taka na shafa ƙofofin nan biyu. Farin ƙarfe ne sumul, ya fi kwanona sheƙi nesa ba kusa ba, kuma na ga yadda kake goge shi kana ja da baya kana kallo. Hanyar Kamba cike take da 'yan kabu-kabu da masu ɗauko buhunan shinkafa a babur, kuma suna son bin bayan babbar mota don ta tare musu iska. Duk wanda ya biyo ka da safe, ka san ba ya ganin wutar birkinka. Ka wanke cikin mota kamar za a yi salla a ciki, wannan haƙƙin masu cin nama ne. Ƙofar baya kuwa ka bar ta da ɗan dishi-dishinta. In ka sami fuska a wurin Alhaji ka roƙe shi a shafa mata fenti, ko a rubuta sunan kasuwancinsa da manyan baƙaƙe ya cinye ƙyallin, masu kuɗi ba su ƙin ganin sunansu. In ka hango mai babur ya manne maka, ka fito da hannu ka ba shi hanya ya wuce. Kuma duk wanda ya ce maka motarka na cutar da shi, ko cikin zolaya ya faɗa, ko abokin wasanka ne, ko yaron da ka raina, ka tsaya ka ji. Mu nan gaskiya da yawa a bakin taubashi take fitowa, don shi kaɗai ke da izinin faɗin ta.

Saura maganar tabarau, wadda na san kana jira. E, ni na hana ka. Ni na ce ba a shigo mini gida da baƙin gilashi a fuska, na ce na 'yan iska ne da masu ɓoye jan ido. Haka munka taso muna gani. Mu tozali munka sani, kowace safiya in rambaɗa shi in ce ya ishe ni, haka iyayenmu sunka bi rairayi da raƙuma. Innarku ta taɓa ba da saƙo anka sayo mini tabarau daga Makka, mai kyau, cikin gidansa. Na sa sau ɗaya, wani dillali ya ce mini ranka ya daɗe sufeto, na cire na ba almakashin unguwa, wato Ɗanjuma tela, ya ƙare a fuskarsa. Tozali na da amfaninsa, ban ce ba shi da shi ba, har gobe ina sawa. Amma raƙumi ba ya da gilashi, iyayenmu ba su bi bayan tankar mai da tsakar rana ba.

Yau ga ni. In na fito bakin titin Gawon Nama da hantsi, motoci ba motoci nake gani ba, wuta ce ke wucewa bayan wuta. Mutane na ɗaga mini hannu daga ciki, ban san ko su wane ne ba, har an fara cewa Garba ya yi girman kai da tsufa. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe mini gani, ya ce shekaru ne. Na ce masa shekaru da taurin kai, ya rubuta duka biyun.

Saboda haka na janye. Ka ji da kyau, don ba zan maimaita a gaban mutane ba: na janye. Ka sayi tabarau na kirki, ba na roba da ake zubawa a faranti ba, ka gwada shi a bakin titi kan gilashin mota kafin ka biya. Ka sa in kana tuƙi. In ka tsaya gaida manya ka cire, mutum ya ga idonka. In rana ta faɗi ka cire. Kuma idon nan naka da ke saurin kawo ruwa, irin nawa ne, ka kai a duba shi a asibiti tun yana naka. Kada ka ce sai ka sami sarari. Direba ba ya samun sarari.

Na daɗe ina tambayar kaina inda ka samo runtsewar nan, don ban taɓa ce maka ka yi ba. Innarku ce ta ba ni amsa shekaranjiya, tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce wa ya zauna gefena tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasan mota? Ta ce har tattare goshin iri ɗaya ne. Na yi mata faɗa na fita. Gaskiya ta faɗa. Na koya maka canjin giya da baki, wannan kuwa da fuska na koya maka, ban sani ba. Abin da ya shiga ta nan, takarda kaɗai ba ta fitar da shi. Za ka karanta, ka ce to Baba, ka kuma yi nufin bi har cikin ranka. Amma ran da hasken ya faɗo, jiki ba ya tuna takarda.

Shi ya sa na yanke shawara, kuma ba shawararka nake nema ba. Gobe in ka yi sallama da Innarku ka fito, za ka same ni a gaban mota da butata. Kada ka tashi da duhu don ka guje wa rana, sai ta ɗaga za mu kama hanya, ina son ta same mu a baya sosai. Zan zauna gefenka in ɗora hannuna a kan gwiwarka ta dama. Na san za ka ji kunya, ni ma rabon da in taɓa ka tun kana ƙarami, sai mu daure. Ba ruwana da hanya, ba na ganin ta. Hasken kuwa ina ganin sa fiye da kowa. Duk lokacin da ya faɗo, ina so in ji gwiwar nan ta ɗaga ƙarƙashin tafina kafin in buɗe baki.

In ta ɗaga kowane karo har Argungu, ka sauke ni a tasha, in ci kifi, in sa maka albarka, in hau ta haya in dawo, kuma ba za ka ƙara jin maganar ga a bakina ba. In kuwa ta kwanta ko sau ɗaya, to tare za mu ƙarasa Birnin Kebbi, in shiga wurin Alhaji in gaya masa da bakina cewa ɗana bai isa ba tukuna, ya ba ni shi in ƙara gyarawa. Za ka yi fushi, wataƙila ka daɗe ba ka gaishe ni da sakin fuska ba. Na yarda. Gara ka yi fushi da ni kana tafiya da ƙafafunka, mutanen hanya na tafiya da nasu.

Yayarka na dariya, ta ce wai ba zan iya ba. Sai ta ba ka labarin ranar da na bi ta har ajin makarantar dare.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kau da tsautsayi da asara. Allah Ya tsare ka daga cutar da wani, Ya tsare wani daga cutar da kai. Ya ba ka haƙuri da na gabanka da tausayin na bayanka, Ya sa albarka a abin da za ka samu, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Allah Ya jiƙan Dikko. Innarku ta ce ka ɗauki bargon da ke kan akwati, ni kuma ka matsar mini da kujerata baya kaɗan, gwiwoyina ba su lanƙwasuwa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba Direban Kwata,
Gawon Nama, Sakkwato.